Ƙofar Rezo da Ban Taɓa Gani Ba

Ina aikin allurar rigakafi a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, ta wajen Tarka lokacin da aka kawo mana kwamfuta aka ajiye a ɗakin magani. Sunan duk yaron da muka yi wa allura a cikinta yake. Mai gyaranta kuma yana zaune a Damagaram, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai murya a waya. Ya ce ya buɗe wata ƙofa mai lamba a akwatin rezo, wato na intanet, ta nan yake shigowa daga nesa. Na juya akwatin nan gaba da baya, ban ga ƙofa ba, sai fitilu masu ƙyaftawa.

Wata ranar kasuwa ma'ajiyar sunayen ta ƙi buɗewa. A ranar ce wata makiyayiya ta zo da ɗanta a goye. Katinsa ya ɓace a ƙaura, ita kuma ba ta tuna ko an yi masa allurar ƙyanda ba. Da la'asar za su bi dabbobi arewa. Na ce ta zauna a inuwa, na kira Damagaram.

"Na shigo, ina ciki," in ji shi.

"Cikin ina, malam? Ni kaɗai ce a ɗakin."

Ya yi dariya, ni kuwa haushi ya kama ni. Can sai ya ce an rufe shi a waje. Wa ya rufe? Ya sa na karanto masa lambobi masu ɗigo-ɗigo, na karanta, ya ce ba su ba ne, adireshin ya canza. Kwamfutar da ko taɓa ta ban yi ba, yaya za a ce ta canza adireshi? Kaina ya ɗaure tamau.

Sai da na duƙa ƙarƙashin tebur na ga wayoyi jibge kusa da filogi, na gane abin da ya faru. Maigadinmu, dattijon da bai iya hana baƙo komai ba, ya cire filogin akwatin ya saka wayoyin makiyaya caji, sa'an nan ya mayar. Ashe abin da ya canza adireshin ke nan.

"Hajiya, mutanen daji ne, a ce musu a'a?" ya ce.

Ban iya yi masa faɗa ba. Da ni suka roƙa, da na ba su.

Da ya kamata in yi wa yaron allurar kawai, amma sauranta kaɗan, ga layin mata, na tsaya jiran na'ura ta ba ni tabbaci. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Bayan la'asar mutumin Damagaram ya sake samun ƙofarsa. Sunan yaron ya fito, ba a yi masa ba. Na fita da gudu da sirinji a hannu. Inuwar babu kowa, mai sayar da fura ta ce tun ɗazu suka ɗaura kaya a jaki.