Ranar da motar mahaifina ta dafa miyar kuka

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Gwandu, na ɗauko wa kaina aikin da ya fi ƙarfina. Mahaifina ya rasu ya bar wata tsohuwar akori-kura a ƙofar gida. Shekara uku tana nan a kan duwatsu, kaji sun mayar da ita gidansu, mahaifiyata kuma tana shanya kuɓewa a kan bonet. Ni kuwa a cikinta na koyi riƙe sitiyari ina kan cinyarsa, don haka duk wanda ya kira ta gwangwani sai in ji kamar ni ya zaga.

Baffana, wan mahaifina da ke zaune a Kalgo, shi ne babba a gidan, kuma mutum ne da ba a ganin haƙorinsa. Ya zo ya ce a sayar da motar ga 'yan gwangwan. Na roƙe shi ya bar mini ita. Ya dube ni ya ce, "Bayan kaka ina dawowa. In ta kai ni Kalgo da ƙahwahunta, taka ta. In ta tsaya bisa hanya, nan za mu bar ta ga masu saye."

Albashina bai isa kai ta gareji ba, sai na zama bakaniken kaina. Wani abokina, wanda ya taɓa yin tuƙin haya, shi ke gaya mini abin yi. Na wanke kafireto da buroshin haƙori, na kankare filogi da reza, na yanka kwalin sukari na yi gasket mai hana mai yoyo. Taya huɗu, babu biyu masu kama da juna. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi ya kori kajin unguwa, mahaifiyata ta leƙo ta koma ciki da sauri tana share ido da bakin mayafi.

Ana gobe Baffa zai zo, na ga ruwa yana ɗiga daga lagireto. Abokina ya ce, "Wanga ba komi ba na. Garin taba za ka zuba ciki, shi bi ruwa shi liƙe ramin." To, a nan gizo ke saƙar. Ni ɗan gidan malamai, a garin da kowa ya san kakana, in tsaya gaban mai taba a kasuwa? Kafin in iso gida labari ya riga ni. Sai na yi wa kaina wayo, na ce ai gari gari ne, kuma wanne ya kai kuka yauƙi? Na shiga madafa na ɗebo ludayi biyu na zuba a lagireto, na ƙara na uku don ya kama da kyau.

Da hantsi muka kama hanya, Baffa a gefena da carbinsa. Ban ji daɗin taƙi ɗaya na tafiyar nan ba. Idona ɗaya a titi, ɗaya a kan allurar da ke nuna zafin inji. Tun tana hawa a hankali har ta fara gaggawa. Na rage gudu, na karanta duk abin da na haddace, na yi wa motar magana a zuci kamar mai lallashin jaki. Baffa kuwa yana ta jan carbinsa.

Mun hango itatuwan Kalgo ke nan sai tururi ya turnuƙe gilashi. Na tsaya a gefen wani lambun albasa. Da ta ɗan huce na buɗe murfin lagireto, wani koren abu mai kauri ya bulbulo yana yauƙi har ƙasa. Daddawa kawai ya rasa.

Baffa ya sunkuya ya shinshina. "Mi kaz zuba ciki?"

Na ce, "Kuka, Baffa."

"Kuka? Tuwon hwa, yana baya?"

Na kasa dariya, na kasa kuka. Na gaya masa gaskiya, har da kunyar zuwa wurin mai taba. A raina na riga na ga 'yan gwangwan suna fasa ƙofofinta da guduma.

Ya daɗe yana kallon motar. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a madubi, ya aike ni wurin mai lambu in aro guga. Muka kwance tiyo, muka yi ta ɗura ruwa muna zubarwa har ya fito fari. Sannan ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya zura hannu can cikin aljihun 'yar cikinsa ya fito da wata 'yar batta. Garin taba ne. Baffana, mai jan mu salla in liman ba ya nan! Ya karkaɗe rabi a lagireto, ya tsaya, ya ƙara sauran yana tsaki.

"Ubanka kaɗai yas san da battag ga," in ji shi, bai dube ni ba. "Sau nawa yana ƙare min ita cikin wagga mota. Ban ga miyarka ba, ba ka ga battata ba. Tada ta mu tai."

Muka shiga Kalgo ana kiran azahar. A ƙofar gida ya gaya wa mutane cewa motar ƙanensa ce ta kawo shi, ko tari ba ta yi ba.

Na ƙara shekara tara ina hawanta. Abin da na koya shi ne, kunyar da ta hana ni tambaya ta kusa raba ni da abin da na fi so, kuma mutumin da nake zaton ya tsani motar nan ashe ganinta a kan duwatsu ne ba ya iya jurewa. Baffa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, shi ya sa yau na saki bakina. Har yanzu in aka ajiye mini tuwo da miyar kuka, sai gabana ya ɗan faɗi kafin in sa hannu.