Ranar Da Usta Haruna Ya Gyara Mini Kango

Har in koma ga Allah ba zan manta da Alhamis ɗin da na dawo warsha, wato shagon aikinmu, na tarar Usta Haruna ya gyara mini kango ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku ji yadda aka yi.

Sunana Ɗanjuma. Ban yi makaranta ba. Na yi yankan riɗi a Simsim, na yi dako a kasuwar hatsi ta Gadarif a nan Sudan, na kwanta ciwo har aka fidda rai, na tashi. A ƙarshe na zauna a warshar Usta Haruna ina ƙera murhun gwangwani. Usta shi ne mai wurin, shi ke da ta cewa. Ni ma'aikaci ne, hannu nawa, benci nasa. Aikinsa fentin manyan motoci, irin mai furanni a ƙofa. Dokarsa ɗaya ce: abu mai tsatsa ko wanda ya lotsa ba ya fita daga warsharsa.

A shekarar da yaƙi ya koro mutane daga Hartum, kowa ya koma ƙera murhu. Nawa suka daina tafiya. Usta ya kira ni ya ce, "Ɗanjuma, akwai mai cajin waya da ke neman bencin nan. Mu ga ƙarshen wata." Na ce, "To." Na san babu mai gonar da zai ɗauki mai furfura yankan riɗi. In benci ya tafi, na tafi.

Cikin kwanakin nan wani saurayi ya zo, Mu'awiya, Bahaushen Hartum. Ya zaro wani ɗan sojan roba daga aljihu, tsawonsa bai kai babban yatsa ba, an naɗe shi da auduga. Ya ce wasa suke yi da irinsu a kan tebur. Kowa da rundunarsa, ana jefa ɗan lido, ana auna tafiya da awo. Sojojin kawai ya iya gudowa da su. Ɗan garin wasan da sojojin ke yaƙi a cikinsa ya bar shi a gida.

Ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, "Ya ammi, gari nake so ka gina mini. Rusasshe, bayan yaƙi, a wata duniya."

Na ce, "Wace duniya?"

"Can sama, tsakanin taurari."

"Mutanenta suna shan ruwa?"

Ya yi dariya. "Suna sha."

"To za su buƙaci tanki."

Ya ce ran Juma'ar ƙarshen wata abokansa za su taru. In ya yi musu, wasu ma za su nema. Ya bar mini soja ɗaya don awon ƙofa da taga.

Na shiga bola. Matatar man tarakta ta zama tankin ruwa. Cikin tsohuwar rediyo ya zama injin wuta. Wayar rariyar riɗi ta zama daɓen ƙarfe. Bango kuwa da farin soson da ake naɗo firji na yi shi, na fasa shi da yatsa, na huda tagogi daidai kafaɗar sojan. Na shafe soson da farin gam na kafinta, na yayyafa yashi. Sai na bi komai da fenti ruwan ƙasa mai duhu, kalar tsatsa. Saura kaɗan in gama aka aiko mini rasuwa a Simsim. Na rufe aikin da buhu na tafi ran Laraba.

Alhamis da azahar na dawo. Buhu na gefe. Garin na sheƙi, kore shar da ruwan ɗorawa. An toshe kowace taga da ma'ajun, wato kwaɓin da ake cike lotsawar mota da shi. An miƙe bututun da na lanƙwasa. A ƙofar babban gini har da fure. Allah Ya sa na sa gam, da fentin mota ya narkar da soson gaba ɗaya.

Usta na zaune yana shan jabana, gahawar nan mai ɗaci, yana jiran godiya.

Na ce, "Usta, me ka yi?"

Ya ce, "Asirinka na rufa. Haka za ka miƙa wa ɗan mutane, duk huji, duk tsatsa? A ce daga warshar Haruna ya fito?"

"Kango aka ce."

"Wa ke sayen kango, bawan Allah? Hankalinka ɗaya?"

Ban iya doguwar magana ba. Na ɗauki sojan na ajiye shi bayan bango. Na ce, "Usta, sunkuya. Sa idonka daidai bakin tebur." Ya yi tsaki, amma ya sunkuya.

Na ce, "Kai ne wannan sojan. Abokin gaba na can. Harbe shi."

"Ta ina?"

"Ta tagar da ka toshe."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe bai dube ni ba. Ya ce, "Yaushe zai zo?" Na ce, "Gobe bayan la'asar mu za mu kai masa."

Na miƙa masa buroshin waya. Ya riƙe shi kamar an ba shi wuƙa ya yanka ragon da ya yi kiwo. Ya goga a gefen tanki a hankali. Koren ya ɓare, ruwan ƙasan da na sa ya leƙo daga ƙarƙashi. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Sak tsofaffin motocin girbi da aka yasar a gonakin Simsim. Ni kaɗai da fentina ban kai nan ba.

Na karɓi buroshi na fara gogawa ta ko'ina. Ya buge mini hannu.

"Kai, jahilci! Tsatsa ba haka take cin ƙarfe ba. Daga ƙarƙashin ƙusa take farawa, ta gangaro inda ruwa ke bi. Gefen da rana ke duka shi ke koɗewa. Ba ni nan."

Duk rayuwarsa yana yaƙi da tsatsa, ya san hanyoyinta fiye da kowa a Gadarif. Shi yana ɓarewa, ni ina fasa tagogi da ƙusa. Na tsinke baƙin fenti da ruwa na kwarara, ya shige kowane lungu ya zauna kamar hayaƙi. Sannan na tsoma buroshi a fari, na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, na shafi bakin gini sama-sama. Gefuna suka fito. Na kai hannu zan kankare furen, Usta ya ce, "Bar rabi. Mutane ne suka zauna a gidan nan."

Ran Juma'a muka ɗora shi a keken jaki. Usta ya sa farar jallabiya ya biyo ni, wai kada jaki ya yi gudu. A wata rumfa bayan gidan kawun Mu'awiya suka taru, samari da wani magidanci mai gilashi. Muka sauke a tebur, na janye buhu.

Mu'awiya ya sunkuya ya zagaya tebur. Ya tsaya a ƙofar nan mai rabin fure, ya taɓa ta da farce.

"Wa ya yi wannan?"

Na nuna Usta.

Mu'awiya ya ce, "Ƙofar maƙwabtanmu a Hartum haka take." Ya share hanci, ya juya ya ce, "Ku fito da sojoji!"

Aka jera runduna. Ba a jima ba mai gilashin ya harbe sojan wani ta taga, rumfa ta ɗauki ihu. Usta ya ɗaga murya ya ce, "Tagar warsharmu ce wannan!" Kafin magariba mai gilashin ya nemi a gina masa gada, wani ya nemi masana'anta, wani kuma ya ce ɗan'uwansa a Kassala zai so irinsa.

Ran Asabar mai cajin waya ya zo da igiyoyinsa. Usta bai ko tashi ba. Ya ce masa, "Bencin yana da mai shi." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma me kake jira? Gadar mutane ba za ta gina kanta ba."

Tun daga ranar tsarin aikinmu bai sauya ba. A gina abu daidai, a sa masa tsatsa a ƙasa, a yi masa fenti kamar gobe za a tare a cikinsa, sannan a ɓata shi. Sababbi kukan so ku tsallake fentin, ku ce ai rusawa za a yi. Ba na yarda. Mutanen da ke sayen aikinmu sun ga kango da idonsu, da yawansu daga cikinsa suka fito. Ba za ka ruɗe su da tarkace ba. Sai sun ga alamar cewa wani ya taɓa son wurin kafin su yarda ya rushe.