Mang Pulong da Ɓaunar da Ke Hana Jirgi Tashi

Da sassafe Mang Pulong yake bin filin ciyawar nan na tsakiyar gonakin shinkafa inda ƙananan jirage ke tashi, yana cike ramukan ɓeraye, yana korar agwagin maƙwabta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Bai taɓa hawa jirgi ba, ya ce shi da sama sai ranar da Ubangiji ya kira shi. Amma duk ƙaramin jirgin da manyan lardinmu na Pampanga suka ƙera da hannunsu a garejin gida, in ya faɗa taɓo, shi da ɓaunarsa ta noma mai suna Kumander ke jawo shi. Sau goma sha tara suka yi wannan aiki, sau biyu kacal laifin inji ne. Wani mantawa ya yi bai buɗe mai ba, wani yana ɗaga wa budurwa hannu ya shige bishiyar mangwaro.

To mu nan ba a ce wa babba ya yi kuskure, balle mai yankan ciyawa ya gyara wa likita. Ranar da Dokta Lacsamana, likitan haƙori, zai fara tashi da jirgin da ya shekara bakwai yana haɗawa, gari ya taru. Fada, limamin coci, ya yayyafa ruwan albarka, an rataya wa jirgi furanni, an gasa alade guda. Matarsa Aling Remedios na gefe riƙe da carbi. Shi kuwa Mang Pulong idonsa na kan jirgin, don mako guda yana ganin zanzaro na shiga bututun da tankin mai ke shaƙar iska ta cikinsa. In bututun ya toshe, mai zai yanke bayan an tashi, daidai kan wayoyin lantarki.

"Dok, ko an leƙa bututun nan?"

"Haba Mang Pulong, Fada ya gama komai."

Ana tayar da inji, sai ga Kumander kwance a tsakiyar fili tana tuƙa.

"Mang Pulong, kawar da dabbar nan, jama'a na jira."

"Tun ɗazu nake lallashinta, Dok. Tsufa ne, ba ta jin magana. Kafin ta tashi, ɗan hura mini bututun nan mana. Ni haƙorana sun zube, iska zurarewa take."

"Haƙoran da tun bara nake cewa ka zo in dasa maka?"

Dokta ya kashe inji ya sauko yana tsaki. Ya hura har kumatunsa suka kumbura, idonsa ya yi ja, iska ko motsi. Da aka zura waya, sai ga laka da tsutsotsi sun zubo masa a hannu. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Shi ya sa kullum nake cewa a riƙa dubawa."

"Gaskiya ne, Dok, kullum kana faɗa," in ji Mang Pulong. Ya yi fito sau ɗaya, ɓaunar da ba ta jin magana ta miƙe tsaf.

Mang Pulong, wannan watan ciwon gwiwa ya sa ka ajiye aiki, kuma zuciyarmu ba daɗi. Kai ne ka tsare rayukan manya ba ka taɓa zubar musu da girma ba. Kai ne mai barin yabo ga wanda ya fi ka bukatarsa. Mun gode. Wanda zai gaje ka, in ya ga abin da zai kashe mutum, ya nemo hanyar faɗa, ko da ta bakin dabba ce.

Har gobe Dokta na ba da labarin yadda ya gano gidan zanzaro da kansa. Aling Remedios ba ta taɓa musa masa ba, ba ta kuma taɓa ce wa Mang Pulong ta gode ba, don kada mijinta ya ji kunya. Sai dai duk Lahadi in ta fito coci, takan biyo ta filin da damin rake, ta ce ta zo gaida ɓauna.