Shekarun da Maikano Ya Kai Ɗa Kwaleji

Malam Maikano mutumin Dingaya ne, a ƙasar Gwaram. A garin an fi saninsa da shanun huɗarsa biyu, fari da baƙi, waɗanda ya hora da hannunsa tun suna maruƙa. Da damina shi yake jan shanun, ɗansa na fari, Safiyanu, yana riƙe da garma.

Da Safiyanu ya samu gurbin karatu a wata kwaleji a Kano, Maikano bai razana ba. Ya tambayi kuɗin makaranta, ya kai riɗinsa kasuwa, ya biya. A zatonsa an gama magana sai baɗi.

Ba a rufa wata ba waya ta fara ƙara. Ɗakunan ɗalibai sun cika, sai an kama haya a cikin gari. Daga nan takardun darasi, kuɗin mota kullum, har ruwan wanka saye ake yi. Tumakin Kubra, matar Maikano, suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne damina. Jarrabawa ta faɗo daidai lokacin huɗa, babu mai riƙe masa garma. Ya ɗauki ɗan ƙodago, aikin bai yi kyau ba.

A shekara ta biyu aka ce sai kowane ɗalibi ya mallaki kwamfuta. Maikano ya kwance baƙin sa zai kai kasuwa.

"Malam, sa ɗaya ai ba ya jan garma," in ji Kubra.

"Na sani. To in ce wa yaron ya dawo gida?"

Ya haɗa farin da san maƙwabcinsa Sabo, bisa sharaɗin a fara da gonar Sabo. Kafin a zo kan tasa ciyawa ta riga ta ci ƙarfin geron. A bara rumbunsa ko rabi bai yi ba.

Bayan girbi sai ga wani abokin karatun Safiyanu ya kawo shi gida a mota, ya rame, yana aman jini. Suka wuce da shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya tambayi yaron sau nawa yake cin abinci.

"Sau ɗaya," in ji Safiyanu. "Wani lokaci garin kwaki kawai."

Maikano ya jira likita ya fita. "Abin da nake aiko maka fa?"

"Makaranta ke cinyewa, Baba. Kuma ina jin labarin abin da ake sayarwa a gida saboda ni. Na kasa buɗe baki in ce har da abinci."

Maikano ya fita ya zauna a gindin wata darbejiya. Shi da yake noma hatsi tun yana yaro, ɗansa na kwana da yunwa bai sani ba.

Safiyanu ya samu sauƙi ya koma. Yanzu duk ranar kasuwa Kubra tana ƙulla garin tuwo da kuka da ƙuli-ƙuli, a ba wani direban garinsu ya kai masa.

A bana ƙanwar Safiyanu, Nasiha, ta gama sakandare, sakamakonta ya fi na yayanta kyau. Ta sami mahaifinta yana gyaran fartanya a zaure, ta durƙusa ta nuna masa.

"Baba, malaminmu ya ce zan iya samun makarantar koyon jinya."

Ya sa mata albarka, ya kuma sa mata. Sannan ya ce ta yi haƙuri sai yayanta ya gama.

"To, Baba," ta ce, ta tashi ta shiga gida.

Tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai iya tayarwa ba. Kubra ta ce wani lokaci takan ga yarinyar ta ɗauko littattafanta na sakandare tana dubawa, da ta ji motsin mutum sai ta tura su ƙarƙashin tabarma.