Kaset Goma Sha Ɗaya na Yaya Sabi'u

Yau shekara biyar cif da rasuwar yayana, Dakta Sabi'u, a hatsarin mota a hanyar Bukuru. Allah ya jiƙansa. Haƙurin mutuwarsa na yi. Na abin da aka yi wa aikinsa ne wallahi na kasa.

Ni mai gyaran talabijin ne a Nasarawa Gwom, bokona bai yi nisa ba, amma na san aikin, don ni na haɗa masa wayoyi. Wani tulun gilashi yake zuƙe wa iska, ya sa ɗan gas, ya ba shi lantarki har ya yi haske kamar doguwar fitilar ofis. Shi ne filasma. Sai ya zuba ƙura mai laushi, ƙwayoyinta su tsaya suna shawagi, a jere sahu-sahu. Da ya rage gas ɗin sai su kama karkarwa, sahun ya wargaje. Wace ƙwaya ke farawa, kuma me ya sa? Abin da ya shekara shida yana nema ke nan, yana ɗauka a bidiyo, har kaset goma sha ɗaya.

Ranar sadakar uku shugaban sashensu na jami'a ya dafa kafaɗata, ya ce kasetin kayan makaranta ne, za a adana su.

Bara, Ladi, ɗalibarsa da ke karatu a ƙasar waje, ta rubuto tana nemansu don ta ƙarasa binciken da sunansa. Na yi ta sintiri kafin a miƙo mini tara a kwalin sabulu, wai biyu ba a gan su ba. Na sa na farko: bikin ritayar wani oga. Na biyu, taron yaye ɗalibai. Na uku, auren 'yar shugaban sashen, ana ta liƙi! Ga rubutun hannun Yaya a jikin kowanne. Na ɗauki kwalin na koma wajen shugaban sashen.

"Oga, kun san abin da kuka goge?"

"Ai mun duba, Malam. Ba komai ciki sai ɗige-ɗige."

Da Yaya na nan, na san shi, dariya zai yi ya sake farawa. Ni ba shi ba ne. Mutumin da ke shugabantar masana kimiyya ya kalli aikin shekara shida ya ga ɗige-ɗige, bai ko tambayi kowa ba.

Minti huɗu suka tsira a ƙarshen kaset ɗaya, bayan makaɗa sun tashi. Ladi ta ce ba za su isa ko shafi guda ba. Iyakar abin da ya rage ke nan a hannuna, sai ɗalibar da ta ƙi mantawa da shi.

Makon jiya suka aiko mini da katin laccar tunawa da shi, har an rubuta za a ɗauki taron a bidiyo. To, ga roƙona a bainar jama'a: ku sayi sabon kaset. In kun ƙi, ni zan saya muku. Biyun nan da kuka ce ba a gani ba dai ku ba ni.