Shawarata Ce Ta Ci Idon Malam

Edita, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ni akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Maiduguri, ina haya a Bulumkutu, ba mata ba ɗa. Abin da na mallaka wanda ya isa a ambata bai wuce keke da wata tsohuwar kyamara ba. A garin aka haife ni, na tashi da Kanuri a baki kafin Hausa, ina kuma taɓa Larabcin Shuwa. Allah Ya ba ni baki, irin bakin da ke sa jama'a dariya har su manta cewa wani ake yankawa. A lokacin ina ganin baiwa ce. Yau na tsufa, kuma akwai maganar da ta fi shekara talatin tana ci na, ban taɓa faɗa wa ko matata ba.

Mu shida ne masu sha'awar ɗaukar hoton mutane a titi da kasuwa. Ba sana'armu ba ce, ƙaiƙayi ne kawai. Kowace Asabar bayan la'asar mukan haɗu a barandar wani mai wanke hotuna a Mairi, mu shimfiɗa tabarma, kowa ya jera abin da ya ɗauko a makon. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani, wanda aka ga bai yi ba a kife shi. Ni ne sarkin kifewa. Nawa kuwa ba a taɓa kifewa ba, musamman wani da na ɗauko a Kasuwar Shanu: mahauci ya ɗaga barho yana dariya, kamar bai san da ni a duniya ba. Na ce musu satar hoton na yi. Gaskiyar ita ce mahaucin abokin babana ne, kuma ya ɗaga barhon nan ya fi sau biyar kafin na ce ya isa. Duk hotunana haka suke. Sai na zauna na sha shayi da mutane, mun yi wushe-wushe, wato gaisuwa da Kanuri, an san ɗan gidan wane ne ni, sannan nake fito da kyamara.

A cikinmu akwai maƙwabcina, malamin firamare, Kirista daga kudancin Borno, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Malam muke ce masa. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaukar kowa sai ya gaishe shi, ya nemi izini, daga baya kuma ya kai masa hotonsa har inda yake. Saboda haka mutanen cikin hotunansa duk sun gyara hula sun ƙame. Wata Asabar ya ɗauki hoton mahaucin nan nawa ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce a hankali hoton ya yi kyau ƙwarai, amma shi abin da ya lura, naman da ke kan teburin an riga an yanka shi, ba kuma mai saye a gaba, to wa mutumin yake ɗaga wa barho? Ya ce kamar dai ya san ana ɗaukarsa. Sauran suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi haka.

Da aka zo kan nasa, na kife su kaf, ban bar ko ɗaya ba. Na ce waɗannan hotunan fasfo ne, gara ya nemi benci da farin ƙyalle ya zauna a bakin titi. Na ce mai hoton titi ɓarawo ne, kuma ba a taɓa jin ɓarawo ya yi sallama ba. Na ce in har yana so ya zama mai hoto, to ya je Kasuwar Shanu ranar da garke ke shigowa daga ƙetaren iyaka, ya matsa kusa da makiyayan har ya ji numfashinsu, ya danna ba tare da ya ce uffan ba. Na ce haka nake yi. Ina faɗa ina sane da abin da na ɓoye. Mutanen nan ba sa son kyamara ko kaɗan. In suka ga mai riga da wando yana auna su da na'ura, ɗauka suke ɗan leƙen asirin hukuma ne, wasu kuma su ce zai sa wa dukiyarsu ido. Ko mai saye ba ya tunkararsu sai ta hannun fatoma, wato mai masaukinsu a kasuwar.

Malam bai yi fushi ba. Ya tattara hotunansa ya ce ya gode, dama ya daɗe yana jin akwai abin da ya rasa. A hanyar gida muna tura kekunanmu ya tambaye ni ko yana bukatar wani ya raka shi can, tunda ba ya jin yarensu. Nan ne Allah Ya ba ni ƙofar gyarawa. Kalma biyu za ta isa. Amma in na ce yana bukatar ɗan rakiya, na tona kaina. Sai na ce masa namiji ƙafarsa kawai yake bukata.

Bayan kwana biyar mahaucin nan ya aiko aka kira ni daga ofis. Ya ce Malam ya shiga tsakiyar garke, ya danna sau uku. Makiyayan suka tambaye shi da Larabcinsu ko shi wane ne, ya amsa da Hausa, da ya ruɗe kuma ya koma Turanci, abin ya ƙara lalacewa. Kyamarar tana kan fuskarsa lokacin da sandar ɗayansu ta sauka a kanta, ƙarfen kyamarar ya shige masa idon dama, idon da yake leƙawa da shi. Mahauta ne suka ƙwace shi suka kai asibiti. Likita ya ce idon ya tafi.

Na je duba shi, na tarar da matarsa da matan cocinsu sun kewaye gadon suna addu'a. Matar ta tashi ta ba ni kujerarta, tana gode mini da zumunci. Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya kamo hannuna ya ce kada in damu, tsautsayi ne. Sannan ya sa aka miƙo mini ragowar kyamarar, ya ce yana jin fim ɗin bai ƙone ba, in kai a wanke, domin duk cikinmu ba idon da ya yarda da shi kamar nawa. Aka wanke. A hoton farko wani tsohon makiyayi ne ya juyo, igiya a kafaɗa, ƙahonin shanu sun cika bayansa. Ban taɓa ɗaukar mai kama da shi ba, ban kuma taɓa ganin wani ya ɗauka ba. Na ukun ba komai a ciki sai hannu da sanda. Da na kai masa, ya kusanto da na farkon ga idonsa na hagu, ya tambaye ni ko wannan karon ya matsa kusa yadda ya kamata, ko kuwa shi ma na kifewa ne. Na ce ya yi.

Bai sake riƙe kyamara ba. Ɗaya idon ma ya fara rauni, har allo ya gagare shi, ya bar koyarwa ya kwashe iyalinsa suka koma ƙauyensu. Zaman Asabar ya watse. Kowace shekara nakan ce in Kirsimeti ta zo zan je in durƙusa a gabansa in faɗa masa cewa hoton mahaucin shiri ne, cewa ya gani daidai, cewa na san abin da ke jiransa a kasuwar. Kowace shekara kunya ta hana ni. Ina cikin wannan jan ƙafa labarin rasuwarsa ya iske ni, wata uku bayan an binne shi. Ya tafi yana ganin ni masoyinsa ne.

Na yi istigfari iya yina, amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe, kuma mai yafewar ba ya nan. Ban rubuto don a ba ni haƙuri ba. Ga duk wanda ake kawo wa aiki a ce ya duba, ko hoto ne ko ɗinki ko rubutu, ina roƙonsa ya tsaya ya tambayi kansa ko aikin yake gyarawa ko ciwon ransa yake ramawa. In aka nuna maka aibin naka, ka haɗiye, zafin bai wuce na yini ɗaya ba. Kada kuma ka tura mutum hanyar da kai ba ka taɓa bi ba, domin wanda ya yarda da kai zai bi ta da gaske. Malam ya faɗa mini gaskiya a kan hoto guda ɗaya, ni kuma na biya shi da ƙaryar da ta raba shi da ido, kuma har ya mutu ban buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba.