Dattijon da Muka Naɗe a Mayafi

Wata Asabar cikin hunturun 2007, ina 'yar shekara goma, na tsaya a tashar mota ta Birmingham rungume da wani abu naɗe a mayafin Umma, ɗan sanda yana nuna shi yana cewa in buɗe. Hannun Umma na kan kafaɗata.

Hoto ne, kuma ba namu ba. Na maƙwabciyarmu ne a unguwar Sparkhill, wata tsohuwa daga duwatsun Kaukasus da muke kira Iya. Ita ke ɗauko ni daga makaranta, ta zaunar da ni ina fere mata dankali a ƙarƙashin hoton: dattijo mai dogon gemu, da hular gashi an naɗa mata rawani, da wuƙa a ɗamara, tsaunuka a bayansa. Ta ce shekara da shekaru ya jagoranci mutanenta suna hana sojojin Rasha hawa dutsensu. Ni kuwa tsoronsa nake ji, don ko yankan dankali na ɗauka in ɓoye, sai in ga yana hararata. Da aka mayar da Iya Manchester, ta bar mana shi ajiya.

Sai ga 'yan sanda sun fara shiga gidaje a unguwarmu suna neman waɗanda ake zargi da ta'addanci, Abba kuma yana jiran takardun zama. Ya ce gemu da wuƙa a bango yanzu neman fitina ne, a fitar da shi. Umma ta ce masa, "Amana ce, Doctor. Ba zan jefa ta a kwandon shara ba." Da muka ji Iya na kwance a asibiti a Oxford Road can Manchester, Umma ta naɗe hoton, ta ja hannuna.

To ga mu a tasha. Na kwance mayafin, Turancin Umma kuwa ya gudu ya bar ta. Ɗan sandan ya daɗe yana kallon wuƙar, ya tambayi waye. Da Turancina na 'yan Birmingham na ce, "Ya rasu tun ba a haifi kakarka ba. Mai shi ba ta da lafiya, kai mata za mu yi." Ya juya hoton, ya ga ashe shafin tsohuwar kalanda ne aka sa wa gilashi. Ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau.

A asibiti, Iya ba ta gane mu ba. Umma ta gaishe ta har sau uku, ita kuwa tana kallonmu kamar baƙi, na ji hawaye ya zo mini. Amma da na ɗaga hoton, sai ta yunƙura ta tashi zaune, ta gyara ɗankwalinta.

Yau 'ya'yana kan nemo fuskar nan a waya, ba mai faɗuwar gaba. Ni kuwa har yanzu ina jin nauyin gilashin a ƙirjina, ina kewar Iya. Ta manta da mu, amma sai da ta kintsa kafin dattijon ya gan ta.